Shi yana fada, ita tana biki

A Maraɗi, in aka ga namiji da mace suna tafe da la'asar a jere suna hira, ba shi a gaba ita tana biye da taku goma ba, masu zaman bakin hanya sukan gama yanke hukunci kafin su sha kwana. Ko baƙi ne, ko likita za su, ko kuwa babu aure a tsakaninsu. In aka bincika aka tarar mutum ne da matarsa ta sunna, sun fito ne kawai su miƙe ƙafa, to ya samu sunan da zai bi shi har fada, wato majalisar da maza ke zaman shayi da hira: mijin-ta-ce. Wani ya ce an shanye shi, wani ya ce boko ne ya yi masa yawa. Matar ma ba ta tsira ba, don a gidan biki na gaba za ta ji ana cewa wance ta mallake ɗan mutane, har yawo take ja da shi.

Ni dai ina ganin wannan ɗabi'a cutarmu take yi, kuma cutar ba a ɗakin aure ta tsaya ba. Ta kai ga famfon unguwa, ta kai ga makarantar yara da layin awo a likita. Amma bari in fara da inda na ga ana yin akasin haka, tun da shi ake jefo mini duk lokacin da na tayar da zancen.

Ƙanwata tana aure a Jos. Mijinta ɗan kasuwa ne, dankalin turawa da kabeji da karas yake saye a Farin Gada yana lodi zuwa Kano da Katsina. Ba mai kuɗi ba ne, ba kuma ɗan boko ba, allo ya yi sai 'yar firamare. Rayuwarsu irin ta kowa ce: ya fita bayan asuba cikin rigar sanyi, ita ta shirya yara ta zauna kan kekenta na ɗinki. Sai dai ranar Lahadi da yamma, in ba ruwa ake yi ba, tare suke fita. Wata rana su kai yara gidan tarihi, wanda aka buɗe tun 1952, su ga kawunan yumɓu na Nok, su leƙa gidan namun daji da ke gefensa, su zaga wurin da aka gina kwatankwacin ganuwar Kano da tsohon masallacin Zariya. Wata rana su tafi Rayfield, bakin ruwan da ya taru a ramin da masu haƙar kuza suka bari. Sau da yawa kuwa ba inda suke zuwa sai dubiyar mara lafiya ko gaisuwar mutuwa, a dawowa su tsaya wurin mai tsire. Taron iyayen yara a makaranta tare suke zuwa, shi ya zauna cikin maza ita cikin mata, amma abin da za su faɗa sun riga sun daidaita shi a hanya. Ranar da aka yi gayyar yashe kwatar layinsu yana cikin masu shebur, ita kuma tana cikin matan da suka bi gida-gida suna tara kuɗin motar da za ta kwashe sharar.

"Ai can Jos ne," in ji abokan shayina. Garin sanyi, garin duwatsu, garin da aka cakuɗa da kowane irin mutum.

Sanyin gaskiya ne. Jos tana bisa tudu mai tsayin kimanin mita 1,200, duwatsun Shere da ke gabashinta sun haura mita 1,800, mu kuwa ko 400 ba mu kai ba. A watan Afrilu, sa'ad da ma'aunin zafi ke wuce 40 a nan, babu mai hankalin da zai ce a fita yawo da azahar. Amma shekara ba Afrilu ce kaɗai ba. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu maraicenmu ba shi da laifi, haka ma yammacin da aka ɗauke ruwa da damina. Kuma zafin nan bai taɓa tsare namiji a gida ba. Duk daren duniya maza suna waje bisa tabarma ko benci, ana zuba shayi na ɗaya da na biyu da na uku har sha biyun dare. Ashe fita da matarka ce kaɗai zafi yake hanawa.

Duwatsun kuma, na taɓa tambayar mijin ƙanwar tawa ko sukan hau Shere. Ya yi dariya ya ce, "Yaya, mu da muke ganinsu kullum? Ai baƙi ke hawa." Abin da ya fi muhimmanci ma, suna da wata wahala da Allah ya raba mu da ita. Tun rikicin Satumbar 2001, da na Nuwambar 2008, da na Janairun 2010, Jos ta rabu. Akwai unguwannin Musulmi, akwai na Kirista, kuma mai iyali sai ya yi lissafin hanyar da zai bi da lokacin da zai dawo. Babbar kasuwar Taminus da ta haɗa kowa ta ƙone tun 2002. A cikin wannan hali ne suke fita. Ƙanwata ta ce mini, "Yaya, ku da za ku ratsa gari tun daga unguwar Bagalam har unguwar Zariya babu mai tambayarku ku su wane ne, me kuke jira?" Ban sami amsar da zan ba ta ba, sai na ce ta ƙara mini tuwo.

Wai ba mu da wurin zuwa. Wannan akwai ƙamshin gaskiya a ciki, zan dawo kansa. Amma ba a ce babu sam ba. Kwarin Gulbi yana nan da mangwarorinsa da lambunansa, da rani ya yi shar. Jiratawa na nan da zogalenta, Tsibiri na nan kusa da tarihin Gobir, ga ƙofar Sarki ranar hawan salla, ga filin kokowa mai sunan Kantu, ɗan kokowar da ya fara kawo wa Maraɗi takobin gasar ƙasa a 1975. Tafkin Madarunfa kuwa ya isa a kai iyali su ga ruwa da tsuntsaye su ci kifi, ko da yake ba zan tura kowa can ido rufe ba, don kowa ya san abin da 'yan bindiga suka mayar da yankunan bakin iyaka a shekarun nan. A bi da rana, a tambayi masu hanya. Abin lura shi ne duk waɗannan wurare ana zuwa. Maza suna zuwa da abokansu, 'yan mata suna zuwa da ƙawayensu da salla, samari suna kai 'yan matansu bisa babur a ɗauki hoto. Mutum zai zaga gari da budurwa wata shida babu kunya, ranar da aka shafa fatiha sai kunya ta sauko masa.

Sai batun cakuɗa, wanda abin da ake nufi da shi, ko ba a faɗa ƙarara ba, shi ne wannan ɗabi'ar Nasara ce ko ta Kirista, ba ta gidan Musulmi ba. A nan ne nake mamakin garin da ke cike da malamai da wa'azi a kowace rediyo. Waye bai ji cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi tsere da Nana A'isha a hanyar tafiya ba, ta tsere masa, bayan shekaru suka sake ya tsere mata? Waye bai ji ya tsaya ta ɓuya a bayansa tana kallon Habashawa suna wasan mashi a masallaci har sai da ita ta gaji ba? Wanda ya fi dacewa da mu shi ne na Nana Safiyya. Ta ziyarce shi yana i'itikafi da dare, ya tashi ya raka ta, wasu mutum biyu daga Ansar suka gan su suka ƙara sauri. Sai ya tsayar da su ya gaya musu Safiyya ce, ya kuma faɗa musu cewa Shaiɗan yana gudana a jikin ɗan Adam kamar yadda jini ke gudana. Bai fasa rakiyar ba don gudun bakin mutane, masu kallon ya gyara. Ana karanta waɗannan hadisai a majalisi, a yi salati, a tashi, kowa ya koma fadarsa. Mace ta suturta jikinta, ta fita da mijinta, wane littafi ne ya hana? Ko ta fuskar gargajiya ma, garin da masarautarsa ke da sarautar Iya, maƙwabciyarsa Gobir ke da Inna, ba zai ce mace a bainar jama'a baƙon abu ne gare shi ba.

Ga inda abin ya fi ci mini tuwo a ƙwarya. A kowace unguwa akwai masu sani, akwai masu magana, kuma an raba su. Matar gida ita ta san famfon da ya yi sati ba ya kawo ruwa sai ƙarfe uku na dare, ta san nawa 'yan garuwa suka ƙara wa jarka. Ita ta san malamin da ba ya shiga aji, don yaro ita yake gaya wa. Ita ke tsayuwar layin awo, ita ke jin an ce magani ya ƙare a je a sayo, alhali tun 2006 gwamnati ta ce kula da yara 'yan ƙasa da shekara 5 kyauta ne. Ita ta san gidan da aka kwana biyu ba a ɗora tukunya ba, da yarinyar da ake shirin cirewa daga makaranta a yi mata aure bayan kaka, da yaron maƙwabta da ya fara shan ƙwaya. Amma in mai unguwa ya kira taro, ko za a zaɓi kwamitin makaranta, ko an tashi wakilai zuwa wurin magajin gari, maigida ne ke zuwa. Ya je da babbar riga da abin da ya ji a fada. Abin da ake ji a fada kuwa canjin naira ne, da rufe iyaka da buɗe ta, da siyasar Yamai, da ƙwallon Turai. Sai a tashi taro an amince a nemi ƙarin lasifika ga masallaci, alhali masan makarantar 'yan mata ya rushe tun bara.

Za a ce to ta gaya masa a gida mana. Yaushe? Ya dawo bayan isha'i, ga yara, ga mahaifiyarsa, ga baƙin ƙauye da suka zo jinya, ga kishiya da kunnenta a bakin labule. Maganar da ke shiga tsakanin miji da mata a irin gidan nan ba ta wuce sabulu ya ƙare, wane ba shi da lafiya, gobe akwai suna gidan wane. Kuma mace mai tarbiyyar Hausa ba za ta tsare mijinta gaban mutane ta ce zauna in gaya maka halin da gari ke ciki ba. Rabin awa na tafiya a ƙasa, babu yaro mai kuka, babu mai saurare, ba a fuskantar juna balle kunya ta hana, nan ne magana mai tsawo ke fitowa. Wanda bai gwada ba zai yi mamakin abin da matarsa ta sani. Zai yi mamakin abin da take ɗauke da shi game da gidansa ma, ba unguwa kaɗai ba.

Mun ga ƙarshen irin wannan rabuwa a 2005. A yunwar shekarar, jahar Maraɗi da ake kira rumbun ƙasa ita ce ta cika cibiyoyin jinyar tamowa da yara. Dalilan suna da yawa, fari da fara da tsadar hatsi da bashin 'yan kasuwa, ba zan ɗora komai a kan zaman aure ba. Amma an yi ta ba da labarin gidajen da maigida ya tafi cin rani ya bar umarnin kada a taɓa rumbunsa, uwar 'ya'ya tana kallon hatsi tana dafa ganye. Mutumin nan ba mugu ba ne, yana tanadin abincin noma ne da iri. Ita ma ba ta yi laifi ba. Lissafi biyu ne a gida ɗaya da ba su taɓa zama wuri guda ba.

Kada a fahimce ni a baibai. Ban ce a rushe fada ba, ban kuma ce maza su kutsa cikin harkar mata ba. A nan jahar ne ƙungiyar CARE ta fara tsarin Mata Masu Dubara a 1991, mata su haɗu duk mako su zuba abin da ya sawwaƙa a akwati, su ba juna rance, su raba riba a ƙarshen zango. Daga ƙauyukanmu tsarin ya bazu ƙasashen Afirka da dama, har waɗanda ba su san inda Maraɗi take ba suna cin gajiyarsa. Ƙarfinsa kuwa har da cewa babu namiji a wurin (duk mun san abin da zai sami akwatin nan in wasu magidanta suka san nawa ke ciki). Biki da adashi da gudunmawa, su ma tsari ne da ke riƙe gidaje da yawa, ba shashanci ba ne kamar yadda maza ke ɗauka. Fada kuma ita ke tara kuɗin jinya, ita ke haƙa kabari, ita ke sintirin dare in ɓarayi sun matsa. Kowanne yana aikinsa. Abin da babu shi ne mahaɗa, kuma mahaɗar da ta fi sauƙi ita ce mutum biyun da suke kwana ɗaki ɗaya.

Masu aikin lafiya sun daɗe da gane haka. Shi ya sa aka ƙirƙiro makarantar magidanta a jahar Damagaram da taimakon asusun Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da yawan jama'a, daga baya ta yaɗu zuwa sauran jahohi. Maza su zauna su tattauna awon ciki da haihuwa a likita, su ja hankalin 'yan uwansu, wasu har su gina masai ko ɗakin ungozoma da hannunsu. Abu ne mai kyau. Amma a tsaya a duba: sai da aka kafa shiri, aka nemo kuɗi daga waje, aka horar da masu horarwa, kafin namiji ya san abin da matarsa za ta iya gaya masa tsakanin gida da bakin titi.

Mai mata biyu ko uku zai ce, ni da wacce zan fita? Tambaya ce ta gaske, ba ta wasa ba, don fita da ɗaya a bar ɗaya wuta ce. Amma wanda ya iya raba kwana da cefane da turmin atamfa na salla ya iya raba wannan. Mai girki ita ke da rakiya. In ya ga ba zai iya ba, to ba fitar ce matsalarsa ba, adalcin ne tun asali. Mai auren kulle kuma, ai shi ya fi kowa hujjar fita da matarsa, tun da ya hana ta fita ita kaɗai. Wadda aka ce ba ta zuwa kasuwa ba ta zuwa gona, in mijin ma bai fita da ita ba, sai likita da makabarta ke nan. Kuɗi kuwa, ban ce a je otal a ci kaza ba. Tafiya a ƙasa kyauta ce. Jikka guda ta isa adaidaita zuwa da dawowa har a sayi rake, kuma na san nawa ake kashewa a ganyen shayi da sukari da katin waya a mako.

Akwai wanda ya ce mini matan ne ba su so, kunya suke ji. Wasu haka ne. Wadda aka shekara ashirin ba a taɓa cewa ta taso mu je ba, ranar farko za ta zaci wani abu ya faru, ko za a yi mata kishiya ne ake lallashi. Wannan ba hujja ba ce, shaida ce.

Sauran aikin na hukuma ne, kuma a nan ne masu cewa babu wurin zuwa suke da gaskiya. Bayan ambaliyar 1945 da ta ci tsohon gari a kwari, Turawan Faransa suka hau da Maraɗi bisa tudu, suka ja layuka miƙaƙƙu, aka yanka filaye. Tun daga nan gari yake faɗaɗa da tunanin gida da shago da masallaci da tasha. Shirin gyaran gari na Maraɗi Kwalliya a 2015 ya kawo kwalta da gine-gine, mun gode, amma mai iyalin da ke son wurin zama na awa ɗaya da yamma har yanzu sai ya yi ta nema. In ya samu inuwa, ya tarar fada ta riga shi, kuma ba zai zaunar da matarsa gaban samari ashirin ba. Abin da ake bukata ba mai tsada ba ne: fili mai shinge a kowace unguwa, bishiyoyin bedi, bencin siminti, fitila mai aiki da hasken rana, masai mai tsabta na mata daban, ɗan wurin salla don magariba ba ta jiran kowa, da mai gadi dattijo da zai iya cewa nan na iyali ne. A bar masu ƙosai da masu tsire su kafa a bakin ƙofa su biya 'yar patanti, ita za ta biya mai gadin. Garin da manomansa suka nuna wa duniya yadda ake raya kututture ya zama itace tun shekarun 1980 ba zai ce inuwa ta gagare shi ba.

A tsofaffin unguwanni irin su Mokoyo da 'Yandaka da Limanci samun fili zai yi wuya, sai dai a yi amfani da harabar makarantu bayan an tashi, da yardar kwamitocinsu. Amma sababbin unguwannin da ake yankawa yanzu a bayan gari babu gidan kowa da za a rushe. Duk taswirar da za a sa wa hannu a ware filin a ciki, a rubuta shi da sunan unguwa, a kafa allo, a dasa itatuwan tun kafin a fara gini, kuma a damƙa kula da shi ga kwamitin da rabinsa mata ne, don su ne za su fara jin labari ranar da wani ya zo da ma'auni yana cewa an sayar masa zai gina gidan mai.